Shekarar da Muka Ƙone Ƴan Buhuna

Damina ta biyu ce bayan na ajiye alli na komo gida. Rabin rayuwata na yi ina koyarwa daga wannan lakwal, wato makarantar boko, zuwa waccan, tsakanin Tasawa da Mayahi, sai da furfura ta cika mini haɓa kafin na dawo ƙauyenmu da ke gabas da Kanan-Bakashe na kama gonar mahaifina. Mutane ba su daina kirana Mushe ba, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Duk takardar da ta shigo garin, ta likita ce ko ta hukuma, ƙofar gidana ake kawo ta. In gardama ta yi tsawo a fada, inda muke zama shan shayi gindin bedi, sai wani ya ce a tambayi Mushe, abin da na faɗa kuma shi ke nan. Na ji daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata.

Gonata tana iyaka da ta wani mutum da na girme shi da kamar shekara biyar. Yana da i'ina mai tsanani tun yana ƙarami, kuma an tsokane shi a kanta har ya koyi rufe bakinsa. Ya daɗe yana aiki a Aljeriya, ya dawo da moto, wato babur, da ɗan abin hannunsa. Ba ya zama fada. In kun haɗu a hanya sai ya ɗaga maka hannu ya wuce. Ban taɓa faɗa da shi ba, amma ban taɓa zama da shi na minti goma ba.

Shekarar da ta gabata murzuna ta yi mana ɓarna, tsutsar nan da ke bin zangarniyar hatsi tana ci tana kewayawa har ka ɗaga kan hatsi ka ji shi sakayau. Mutane da yawa ba su cika rabin rumbu ba. Gonarsa kuwa ta yi dama-dama, kuma da rani ya sayi gonaki biyu a hannun waɗanda yunwa ta tura ci-rani. Babu wanda ya ce ya yi laifi. An dai lura, an ajiye a zuci.

Hatsi ya fara fidda kai lokacin da na gan shi, wata hantsi, a tsaye kan sirdin motonsa yana ɗaura wani abu a reshen gawon da ke kan iyakarmu. Rabin bido ne, jarkar roba, aka yanke aka kifa, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan buhu yana lilo, bai fi tafin hannu biyu ba. Na matsa na yi masa barka da aiki.

"Mi ake ratayawa haka?" na ce.

Ya sauko, ya goge hannunsa a riga. Bakinsa ya fara rawa. "Ma... ma... maga... magani..."

Rana ta yi zafi, ga shi ina son in gama kewaya gonar. Na san in na tsaya sai na daɗe. Na ce masa, "To, Allah ya taimaka," na yi gaba.

Sai da na yi nisa kalmar ta dawo mini. Magani. Maganin me? Wane irin magani ne ake ratayawa a itace a rufe shi da bido? Ni mutum ne da na yi shekaru ina gaya wa yara cewa laya ba ta korar fara, don haka ban ɗauka sihiri ba ne. Amma abin ya tsaya mini a rai. Washegari na ga wani irinsa a aduwar da ke bakin burtali, nesa da gonarsa. Rana ta uku na ga wani a yamma da gari, cikin gonar liman. Na fara fita da sassafe ina kewaya gari da sunan miƙe ƙafa, ina ɗaga kai ina duba itatuwa. Gabas da yamma, kudu da arewa, babu ɓangaren da bai rataya ba, kuma yawancinsu a gonakin mutane suke. Sau biyu na hango shi yana tsayawa da moto, ya leƙa ƙarƙashin bidon, ya waiwaya, ya wuce. Waiwayen nan ya dame ni. Yanzu na san duk mai tayar da moto a kan rairayi sai ya waiwaya, amma a lokacin na ce a raina, mai gaskiya me zai sa shi waige?

Rana ta huɗu na ɗauki hauya na saƙalo buhun da ke kan gawon iyakarmu. Na zauna a ƙasa na warware bakinsa. Hatsi ne a ciki, da ɗan gari, da tsutsotsi farare masu ƙiba. Wasu suna motsi, wasu sun yi laƙwas kamar matattu. Wasu ƴan ƙananan ƙwari sun tashi daga ciki, na kore su da hannu ban ko dube su ba. Na zazzage buhun a kan wani dutse na ɗauki hoto da salula.

A gida na nuna wa mai ɗakina. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Malam, matarshi fa ta ce mini daga Mayahi ya ɗauko su. Ranar kasuwa ya zo da su cikin kwali."

"Wa ya ba shi?"

"Ban tambaye ta ba. Ka bari in je in ji."

"Kar ki je," na ce. "In kin tambaya za su gane an gano su."

Abin da ta faɗa bai kwantar mini da hankali ba, sai ma ya ƙara mini wani zargin. Ke nan ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu a bayansa. Na zauna na jera abubuwan a kaina kamar yadda nake jera darasi a allo. Bara tsutsa ta ci gonakinmu ta bar tasa. Da rani ya sayi gonakin waɗanda ta ci. Bana ga shi yana kewaye gari da tsutsa daidai lokacin da hatsi ke fidda kai. Komai ya zauna daram. Ban taɓa jin kaifin hankalina ya burge ni kamar ranar ba.

Bayan azahar na kai hoton fada. Salular ta bi hannu-hannu, kowa ya gani sai ya yi salati. Daga nan kowa ya fara tuno abin da ya taɓa gani. Tela ya ce watan jiya wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan mutumin, ba a san ko su wane ne ba. Mahauci ya ce shi tun dawowarsa daga arewa bai yarda da shi ba, mutumin da ba ya kallon idonka in yana sayen nama. Wani ya ce ai ya taɓa ganinsa a Mayahi yana hira da masu sayar da maganin feshi. Mutumin da ba ya iya haɗa kalma uku ne aka ce an gani yana hira, kuma babu wanda ya yi dariya, har ni.

Liman kaɗai ne ya ce, "A kira shi mana a tambaye shi."

Aka aika gidansa, aka ce tun safe ya tafi Tasawa, gwaggonsa ce ta rasu, sai bayan addu'ar uku zai dawo. Tela ya girgiza kai ya ce, "Kun gani? Ya ji ƙishin-ƙishin." Mai gari kuma yana Maraɗi, an yi masa aikin ido, ƙanensa ne ke riƙe da gari.

Muna da wani gurup a salula na ƴan garinmu, har da na ci-rani da ke Agadas da Abijan da Libiya. Wani ya ce tun da Mushe ne ya gani da idonsa, shi ya kamata ya yi bayani. Na gyara murya na yi bokal, saƙon murya, na tura tare da hoton. Ina tuna yadda na tsara shi. Na ce ni ban zargi kowa ba, amma ga abin da na gani, ga wanda na gani yana ratayawa, ga abin da ya faru bara, mai hankali ya auna da kansa. Na yi wa kaina dabara ne don in ce ban faɗi komai ba, alhali na faɗi komai.

Kafin la'asar samari sun bazu cikin gonaki da sanduna. Suka tsinko buhunan duka, suka tara a filin kasuwa, aka zuba asanshi aka kyasta ashana. Na tsaya ina kallo, hannuna a baya. Mutane suna zuwa suna gaishe ni, suna cewa Allah ya sa Mushe ya dawo gida, da an gama da mu.

Kwana uku da suka biyo baya garin ya zama wani iri. Kowa ya shiga gonarsa yana murza zangarniya, duk wanda ya ga tsutsa ɗaya sai ya ɗauko ta a tafin hannu ya kawo fada. A bakin rijiya mata suka daina ɗora wa matar mutumin tulu, har ta daina fitowa. Wani, har yau ba a san ko wane ne ba, ya kora shanu cikin gefen gonarsa. Mai ɗakina ta daina yi mini hira in ta kawo abinci. Saƙona kuma ya fita daga hannunmu. Wani ɗan'uwana ya kira ni daga Hawandawaki yana tambaya ko gaskiya ne an kama wani a garinmu da buhunan tsutsa cike da mota. Daga Kona aka turo mana muryata, an haɗa ta da ta wani da ban sani ba, yana cewa ƴan kasuwar hatsi ne suka ɗauki mutumin aiki don farashi ya tashi. Na ji ƙarin da aka yi, ban gyara ba. Na ce a raina wataƙila su sun san abin da ban sani ba.

Ranar da mutumin ya dawo, ko gidansa ba a bari ya shiga ba, aka wuce da shi ƙofar mai gari. Gari duka ya taru. Ƙanen mai gari ya ce masa ya faɗi wanda ya aiko shi. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, kalmar ta ƙi fita. Wani daga baya ya kwaikwayi i'inarsa, aka yi dariya. Mahauci ya ce, "Ku dube shi, rashin gaskiya ya ɗaure mishi harshe." Mutumin ya sake gwadawa, hayaniya ta rufe shi. Sai ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya ciro wata takarda da aka ninke huɗu, ya ratso mutane, ya miƙo mini. Ni ya miƙa wa, don ni ne mai karanta takardun garin. Ban san ko a lokacin ya riga ya ji muryar wa ke cikin saƙon ba.

Da Faransanci aka rubuta ta, da zane-zane a gefe. Na karanta layin farko, na karanta na biyu, na gane abin da na aikata. Takardar tana bayanin yadda ake yaƙar murzuna da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro. Tsutsar da ke cikin buhun ba murzuna ba ce, abincin ƙwaron ce, a jikinta yake yin ƙwai. In ƴaƴan sun ƙyanƙyashe sai su fita ta ramukan buhun su bazu cikin gonaki suna neman murzuna suna kashewa. An zana bidon da aka yanke, an nuna a rataya a kusurwa huɗu na gari. A ƙasa akwai lambar salula da aka rubuta da bik.

"Mushe, mi ta ce?" in ji ƙanen mai gari.

Ba zan ɓoye ba, na fara neman hanyar fita. Har na ji wata murya a cikina tana cewa ai takarda kowa na iya bugawa. Kafin in buɗe baki tela ya faɗi hakan a fili, mutane suka ce ƙwarai kuwa. Da na bi bayansa, da an tashi taron a haka. Na fassara musu takardar layi-layi. Sannan na ce bari in kira lambar kowa ya ji.

Mace ce ta ɗauka. Na faɗi sunan garinmu na fara bayani, sai ta katse ni.

"Mushe? Kai ne? Wallahi na gane muryarka. Ni ce wadda ka koyar a Tasawa, mai zama layin gaba kusa da taga."

Na tuna ta, yarinya ce mai yawan tambaya. Yanzu malamar gona ce, tana aiki da manoman yankin Mayahi. Da murna ta tambaye ni ko buhunan suna nan lafiya, ko ruwa bai taɓa su ba. Na ce mata mun ƙone su.

"Duka?" ta ce.

"Duka, ɗiyata."

Bayan kwana biyu ta zo a kan moto, laka har gwiwa. A gaban jama'a ta ce ta yi magana da mai gari tun kafin ya tafi Maraɗi, shi ne ma ya ba ta sunan mutumin, ya ce yana da moto kuma in aka ba shi aiki ba ya wasa. Farar motar da tela ya gani tasu ce. An shirya za ta zo ta tara mutane ta yi bayani, sai ruwa ya cika hanya, ga garuruwa da yawa a wuyanta, ga lokacin sakin ƙwarin ba ya jira. Ta ce wannan kuskurenta ne, ta ba da haƙuri. Ta fito da wata ƴar kwalba mai ƙwarin a ciki, ta bi mutane tana nuna musu. Na gane su. Su ne na kora da hannuna a gindin gawo. Wani ya tambaya me ya sa bara gonarsa ta tsira, ta ce iri mai saurin nuna ya shuka, hatsinsa ya riga tsutsar ƙosawa.

Liman ya tambaya ko za a samu wasu buhunan. Ta ce babu, kiwon ƙwarin yana ɗaukar makonni, waɗanda ke akwai an riga an raba wa wasu garuruwa.

Da za ta tafi ta ja ni gefe ta rage murya. "Mushe, saƙon nan ya zo mini tun shekaranjiya, ban saurara ba sai jiya. A garuruwa biyu sun sauke nasu buhunan saboda shi." Ta durƙusa ta yi mini sallama kamar yadda take yi tana yarinya, na rasa inda zan sa idona.

Ranar na yi wani bokal ɗin. Na faɗi sunana, na ce ni ne na yi na farko, na ce ƙarya na yaɗa ba tare da na bincika ba, na bayyana yadda abin yake, na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Mutane kaɗan ne suka amsa. Wani daga Abijan ya rubuto cewa Allah ya kyauta.

Da la'asar na je gidan mutumin. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, matarsa ta aiko da ruwa ba ta fito ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, na roƙe shi gafara. Wannan karon na zauna na jira, ban taya shi ko kalma ɗaya ba, kuma maganar da ba ta fi numfashi uku ba ta ɗauke shi lokaci mai tsawo.

"Yaya, ran nan ka tambaye ni. Takardar tana aljihuna. Ina shirin in hiddo maka ita, ka tahi."

Ya ce ya yafe. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba shanun da aka kora gonarsa ba ne, matarsa ce da ta kwana uku tana sayen ruwa a garin da aka haife ta.

Murzuna ta ci hatsi a shekarar, ta ci sosai. Na tambayi malamar gona ko da buhunan sun tsaya da mun tsira. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, garuruwan da suka bar nasu sun fi mu samun sauƙi, amma ruwa ma ya bambanta. Na so ta ce mini babu bambanci, ba ta faɗa ba. Damina ta gaba da aka sake kawo buhunan, mutumin ya ce a ba wani. Liman ne ya karɓa, aka yi shela a masallaci. Duk da haka akwai waɗanda suka hana a rataya a gonakinsu, har da mahauci, wanda har gobe yana cewa shi dai akwai abin da ba a faɗa mana ba.

Bayan kamar shekara biyu ina tashar Mayahi ina jiran mota ta cika, wani dattijo da ke kusa da ni a benci ya ji sunan garinmu. Ya juyo da sauri.

"Garin da aka kama mai sakin tsutsa? An ce har yanzu yana nan, ba a kore shi ba?"

Na ce masa ba haka abin yake ba, na fara yi masa bayanin ƙwaron da buhunan. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam, bar wannan zance. Wani mushe ne fa ya kama shi, mutum mai ilimi, ya buɗe buhun da hannunshi. Ni da kunnena na ji muryarshi."

"Ni ne mushen," na ce. "Ni na yi saƙon, kuma kuskure na yi. Na yi wani na gyara, bai zo maka ba?"

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ɗan ja jikinsa, ya jawo ledar kayansa kusa da ƙafarsa.

"To," ya ce a hankali. "Kai ma sun gan ka, sun toshe maka baki ke nan."

Aka kira masu zuwa Tasawa, ya tashi ya shiga mota. Ta taga na ga ya sunkuya yana yi wa na kusa da shi magana, su biyun suka juyo suna kallona har motar ta fita daga tasha.